Ra'ayinmu: Wa Zai Riƙe Mabuɗin Ɗakin Karatu Daga Madawa Zuwa Keita?

A watan Maris na 2025 an sanar da shawarwari biyu a Yamai, tsakaninsu bai fi kwana goma ba. Ta farko ita ce ficewar Nijar daga OIF, ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda a Yamai ɗin aka aza harsashinta ranar 20 ga Maris na 1970, zamanin Diori Hamani. Ta biyu tana cikin kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu ranar 26 ga watan, inda aka rubuta cewa Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki ne. An sha muhawara a kansu a gidajen rediyo da wuraren shan shayi, wasu na murna, wasu na ƙorafi. Mu wani gefe na maganar ne ya hana mu sakat, gefen da ba a cika ɗagawa ba. Yaron da ke ajin ƙarshe na firamare a Tamaske, da matar da ta gama ajin yaƙi da jahilci a Karofane, ina za su sami abin karantawa, da wane harshe, kuma da kuɗin wa?

Shawarar farko ta taɓa wannan tambaya ne ta wajen kuɗi. Tun 1986 ƙungiyar ta Faransanci ta ɓullo da tsarin ƙananan ɗakunan karatu na karkara da ake kira CLAC, ta fara daga Benin, ta kai su ƙasashe kusan 20, Nijar na ciki. Yarjejeniyar a sarari take: gari ya ba da gini da masu kula da shi, ƙungiya ta kawo littattafai da kayan wasa da na kallo, ta horar da ma'aikata, ta riƙa sabunta kaya lokaci zuwa lokaci. Tsarin ya yi amfani, ba za mu ɓoye ba. Akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da yawa a ƙasar nan da a irin wannan ɗaki suka fara riƙe littafin da ba na aji ba. Sai dai ya koya wa hukumomi wata ɗabi'a mai tsada, ta ɗaukar littafi a matsayin abin da baƙo ke kawowa. Yanzu da muka yi sallama da baƙon da bakinmu, ba mu da wanda za mu ɗora wa laifi idan kantoci suka zama kango.

Shawara ta biyu kuwa alkawari ce. Duk ƙasar da ta ɗaga harshe ta kira shi harshen ƙasa, ta ɗauki nauyin sa shi a takarda, ta kai takardar inda masu harshen suke. A gundumomin Madawa da Buza da Keita suna nan da yawa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 1 da dubu 300 a gundumomin uku, cikin ƙananan hukumomi 17, kuma da irin yadda jama'ar Nijar ke ƙaruwa kowa ya san adadin ya wuce haka nesa a yau. Mafi yawansu da Hausa suke kwana, da ita suke tashi.

Kafin mu faɗi matsayinmu, adalci ne mu saurari masu cewa wannan magana ba lokacinta ba ne, domin hujjarsu tana da nauyi. Ƙasar da gwamnatinta ta taɓa ƙirga azuzuwan zana kusan dubu 36, azuzuwan da gobara ta cinye yara a cikinsu a Yamai da Maraɗi a 2021, da wane ido za ta kalli uba ta ce masa ta ware kuɗi don littafin hira? A Madawa ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana jinyar yara masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro, kuma kowace damina gadaje kan cika. A wajen Bangi, kan iyaka da Sakkwato, akwai ƴan gudun hijirar da ƴan bindiga suka koro, ga su ga masu masaukinsu a kan rijiya ɗaya. Mai riƙon ƙaramar hukuma da kuɗin shigarsa bai wuce harajin kasuwa da na kai ba, wanda wani lokaci albashin ma'aikatansa ma sai ya yi ta jan kafa, idan aka ce ya zaɓa tsakanin gyaran famfo da sayen littafi, famfo zai gyara. Mu ma da mu ne a kujerarsa, ranar da famfon ya lalace, shi za mu fara gyarawa.

Akwai hujja ta biyu, ta matasa. Suna cewa waya ta riga ta shanye aikin ɗakin karatu. Ɗan bidar da ke Abijan ko Sabha ba ya neman mai rubuta masa wasiƙa, murya yake aikowa ta WhatsApp, mahaifiyarsa a Tabotaki ta saurara ta mayar masa. Mai albasa a kwarin Tarka da waya yake jin farashin buhu a Galmi da Akara. Wa'azi, labarai, waƙa, har koyon gyaran babur, duk suna cikin aljihu. To me za a yi da ɗaki mai ƙura da kantoci? A ba mu intanet mai araha, in ji su, sauran mu ji da kanmu.

Mun auna hujjojin nan biyu, mun ga kowace ta faɗi gaskiya, amma ta tsaya a rabin hanya.

Mu fara da ta kuɗi. Gwajin PASEC, wanda ake yi wa ɗalibai a ƙasashen Afirka masu karatu da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa ƙasa da yaro ɗaya cikin goma a ajin ƙarshe na firamare a Nijar ne ke karatu yadda ya kamata. A 2019 abin ya gyaru zuwa kusan uku cikin goma. Ci gaba ne, amma har yanzu bakwai na fita ba su iya ba. A cikin manya kuwa, masu karatun boko ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, kuma rabon mata ya fi ƙanƙanta. Ma'anar wannan ita ce ƙasa tana biyan malami shekara shida, tana gina aji, iyaye suna haƙura da aikin yaro a gona da kiwo, sannan ɗan abin da aka samu ya tsiyaye. Duk wanda ya koyar a ajin manya ya san wannan ciwon. Mace ta yi wata shida tana zuwa, ta iya haɗa baƙi, ta rubuta sunanta, a yi biki a ba ta takardar shaida. Bayan shekara biyu ka miƙa mata takardar asibiti, sai ta juya ta, ta miƙo maka. Laifinta bai wuce ɗaya ba: tun ranar bikin ba ta sake ganin rubutun da ya shafe ta ba.

Mutanen Keita sun fi kowa sanin irin wannan asara, domin sun gan ta a ƙasarsu. Kafin aikin raya karkara da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, tare da FAO da hukumar abinci ta duniya, ruwan sama yana sauka a kan duwatsun Adar, amma ba ya zama. Gudu yake yi, ya kwashe ƙasa, ya haƙa kwazazzabai, ya bar fako. Abin da ya canza fuskar wurin shi ne jerin duwatsu da ramuka da madatsun da aka yi, akasari da hannun mata, waɗanda suka yi ta jidar dutse a ka cikin rana, maza sun tafi bida. Ba su ƙara ko ɗigon ruwa daga sama ba. Sun tsare wanda ya sauka ne, har miliyoyin itatuwa suka kama. Makaranta ita ce ruwan saman, kuma muna kashe mata abin da muke da shi. Ɗakin karatu shi ne jerin dutsen. Idan aka dube shi ta nan, kuɗinsa ba ƙari ne a kan kuɗin ilimi ba, tsaron kuɗin da aka riga aka kashe ne, kuma bai kai kuɗin aji biyu na siminti ba.

Hujjar waya kuma ta manta da wa ke riƙe da wayar. Masu shiga intanet a Nijar ba su kai mutum ɗaya cikin huɗu ba, kuma yawancinsu a birane suke. A ƙauye babbar waya ta maigida ce ko ta saurayin da ya dawo daga tafiya. Yarinya ƴar shekara goma sha biyu ba ta da rabo a ciki. Ko wanda ke da ita, idan bai iya karatu ba, a bakin ƙofa yake tsayawa. Yana jin murya, yana kallon hoto, amma ranar da saƙon kuɗi ya shigo da lambobin sirri sai ya nemi mai karanta masa, ya buɗe wa wani cikinsa ba da son ransa ba. Ranar da aka turo masa muryar wani yana rantsuwa cewa allurar rigakafi makirci ce, ko ga maganin da ke warkar da kowace cuta, ba shi da hanyar bincikawa. Intanet tana ninka ƙarfin mai karatu, tana kuma ninka raunin marar shi.

Wannan bai sa muna adawa da sa intanet a ɗakin karatu ba. Muna goyon baya ƙwarai. Ɗalibin da ya ci jarrabawar bakaloreya a Buza, yana son rajista a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ko ta Yamai, bai kamata ya biya kuɗin mota ya bi hanyar dutse don cike takarda ɗaya ba. Malamin da aka turo ƙauye ba tare da littafin jagora ba yana bukatar inda zai sauko da darasi ya buga. Ƙungiyar manoman albasa tana bukatar inda za ta rubuta takardar neman bashi. Hanyoyin ma sun fi da sauƙi. Tun 2020 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 don shirin haɗa ƙauyuka da sadarwa da hukumar ANSI ke gudanarwa. A 2025 Starlink ya fara aiki a ƙasar da izinin hukuma, ga kuma Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom. Rana kuwa ba ma sayen ta: tashar Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018 tana nan kan hanyar Madawa zuwa Ƙonni, kuma duk wanda ya sha duhun 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da muke amfani da shi, ya san ɗakin da ba shi da faranti da batir nasa ba a dogara da shi. Akwai ma dabarar da ba ta cin kuɗin wata: manhaja irin Kiwix tana ɗauke Wikipedia gaba ɗaya, har da ta Hausa, a cikin ƙaramar na'ura, mutane su shiga da wayoyinsu ba tare da sayen ko megabit ɗaya ba.

Abin da muke tsoro shi ne a fara da kwamfuta a ƙare da ita. Mun san yadda abin ke tafiya. A kawo na'urori goma, gwamna ya yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. Kuɗin intanet na shekarar farko yana cikin aikin, na shekara ta biyu ba ya cikin kasafin kowa. Batir ya mutu, ƙurar hunturu ta shiga inji, wanda aka horar ya gaji da aikin sa-kai ya bi motar Agadas. Idan an yi sa'a wurin ya koma gidan cajin waya da kallon ƙwallo, littattafan kuma a tura su lungu a cikin kwali, gara ta yi musu sallama. Saboda haka muke cewa kayan aiki su zo a ƙarshe. Mutum ne farko.

A nan akwai darasi daga nesa da ya dace da mu. Da kuɗin attajirin nan na Amurka, Andrew Carnegie, aka gina ɗakunan karatu sama da 2,500 tsakanin 1883 da 1929, amma ba ya ba gari ko sisi sai hukumar garin ta rubuta cewa kowace shekara za ta ware kwatankwacin kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin don tafiyar da shi. Ya gane cewa gini kyauta ne na rana ɗaya, albashi da gyara kuwa na kullum ne. Sanarwar UNESCO kan ɗakunan karatu na jama'a, wadda aka fara fitarwa a 1949 aka sabunta ta a 2022, a kan wannan ƙafa ta tsaya: shiga kyauta ne, ɗaukar nauyi kuma na hukumomin gari da na ƙasa ne. Ba sai mun je Amurka ba ma. Layukan dogonyaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don kare gonaki daga iska sun daɗe ne a inda mutanen gari suka san ranar sara da yadda za a raba itacen.

Sai maganar abin da za a ɗora a kan kanta, wadda ita ce ta fi ci mana rai. Ana yawan cewa mutanenmu ba sa son karatu. Ba mu yarda ba. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma a yankin Madawa malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru ya cika. Ƙasar da kowane zaure ke da allo da tawada, inda dattijo ke rubuta bashin da yake bi da ajami a bayan littafinsa, ba a ce mata ba ta san takarda ba. A zamanin yaƙi da jahilci na farko bayan samun ƴancin kai, a Madawa ake buga jaridar karkara mai suna Sabon Ra'ayi, da Hausa, don manoman da suka fito daga aji su sami abin dubawa. Waɗanda suka yi wannan tunani sun riga mu gane matsalar. A Kano kuma, daga shekarun 1980, marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa sun nuna abin da ke faruwa idan aka ba mutane labari da harshensu a kan rayuwarsu. Shagunan hayar littafi suka cika unguwanni, matan aure suna aiken yara su karɓo kashi na biyu, wasu ma don littattafan suka dage suka koyi boko. Babu wata ƙungiyar waje da ta biya kuɗin wannan. Abin da mutane ba sa so shi ne littafin da ke magana da wani, a wata ƙasa mai dusar ƙanƙara, da harshen da suke tsoron kuskure a cikinsa.

Don haka rabin kanta aƙalla ya zama na Hausa, boko da ajami. Kayan suna nan idan an nema: littattafan cibiyar INDRAP, na yara da Gashingo ke bugawa a Yamai, waɗanda maɗaba'ar Albasa ta fitar, ƙamus ɗin Abdu Mijinguini, da dubban littattafan Kano da Zariya da bambancin rubutunsu da namu bai wuce ƴan haruffa ba. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harshen gida tun 1973 a Damagaram, ba baƙon abu ba ne gare mu. A Keita da arewacin Buza akwai Abzinawa, akwai Fulani a ko'ina cikin yankin, kuma ɗakin da aka gina da harajin kowa dole Tamajak da Fulfulde su sami wurinsu a ciki, musamman yanzu da wasu ke jin an fifita Hausa a kansu. Faransanci ma ba za a kore shi ba. Da shi ake rubuta BEPC da bakaloreya har gobe, kuma wanda ya kwashe littattafan Faransanci don nuna kishin ƙasa, ɗan talaka ya cuta, domin ɗan mai hali yana da nasa a gida.

Ga matsayinmu. Ɗakin karatu na jama'a ya cancanci kuɗin hukuma a Madawa da Buza da Keita, ko a wannan shekara mai wuya, bisa sharaɗin a bi tsari. Kada a fara da sabon gini. Kowane babban gari yana da ɗakin da za a gyara, a gidan matasa ko a harabar ma'aikatar magajin gari, kuma inda akwai tsohon ɗakin karatu shi ya fi cancanta a tayar. Ƙaramar hukuma ta ɗauki mutum ɗaya aiki na dindindin, da albashi a rubuce cikin kasafinta, ta ƙara ɗan abin gyara da sayen jarida. Wanda bai iya wannan ba kada a ba shi kwamfuta. Gwamnatin ƙasa, wadda ita ta ɗaga Hausa, ita za ta sayi littattafai a dunƙule daga masu bugawa na gida kowace shekara ta raba, hakan kuma zai ba marubucin Tawa da Maraɗi dalilin zama ya rubuta. Kuɗin intanet da hasken rana ya fito daga asusun da kamfanonin waya ke zuba wa kuɗi don kai sadarwa karkara, tunda don irin wannan aka kafa shi. Mun yarda a karɓi ɗan abu a kan buga takarda da cajin waya, a rubuta shi a allo kowa ya gani, ya tafi ga tawada da batir. Zama a karanta da aron littafi kuwa kada a karɓi ko dala.

Ƴan bida da fataken albasa suna da rawar takawa, kuma mun san suna gina masallatai da azuzuwa a garuruwansu ba tare da an roƙe su ba. Akwatin littattafai ɗaya daga Kano bai kai kuɗin buhun albasa kaɗan ba a lokacin tsada. Amma gudunmawarsu miya ce, tuwon na hukuma ne.

Abu na ƙarshe da muke roƙo ya shafi mata, domin su ne aka fi bari a baya, kuma su ne ba za su shiga ɗakin da samari suka cika ba. A ware musu yini biyu a mako, da mace mai kula. Ƙauyukan da ke nesa kuma a kai musu akwatin ƙarfe a bayan babur ranar kasuwa, a ajiye shi hannun malamar makaranta ko shugabar asusun mata, bayan wata a canza shi da wani. Nana Asma'u ta yi irin wannan da matan da ta naɗa jaji, suna bin ƙauyuka da karatu a ka, ba ta jira an gina mata komai ba.

Tun watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa masu riƙo, saboda haka babu kansilan da za a tare a kasuwa a tambaye shi. Sa hannun mutum ɗaya ne yanzu ke tsara kasafin Azarori da Garhanga da Allakaye da sauran. Ƙungiyoyin iyayen yara, malamai da sarakuna su je ofishinsa kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa, su nemi a nuna musu layin da aka rubuta albashin mai riƙe mabuɗin, da adadin da ke gabansa.